Uwa a Kwalbar Ɗa

Ba a fasa ƙofa ba, ba a ɓalle taga ba, ko allura ba a ce ta ɓata ba. Duk da haka kafin rana ta take tsaka babu wanda bai ji ba, daga masu gadi har masu shara, cewa an yi kisa a ɗakin raino na cibiyar bincike da ke bayan asibiti.

Abin da aka kashe ɗin ido ba ya ganinsa sai ta madubin bincike. Ƙwayoyin jijiya ne, irin waɗanda ke kai saƙon zafi da sanyi daga fata zuwa ƙwaƙwalwa. Daga ɗan guntun fatar wani marar lafiya aka samo su, aka kusa shekara ana lallaɓa su cikin ƙananan faranti, a wani akwati mai ɗumin jikin mutum, ana gwada musu magunguna ɗaya bayan ɗaya ko Allah zai sa a dace. Ran nan da safe aka buɗe akwatin, aka tarar babu mai rai ko ɗaya a cikinsu.

Mutanen cibiyar ba su wahalar da kansu da neman mai laifi ba, don sun riga sun same ta. Auta ce, ƙaramar masu binciken, wadda rainon ke hannunta. An ji ta suna ɗaga murya da Farfesa a makon da ya wuce, an kuma ce wata cibiya ta yi mata tayin aiki. Wannan ya ishi 'yan gindin bishiya yanke hukunci. Washegari kwamitin ladabtarwa zai zauna. In ya tabbatar da zargin korarta za a yi, kuma wanda aka kora da sunan ya kashe aikin da aka damƙa masa, babu cibiyar da za ta sake ba shi ko da wankin kwalba.

Farfesa, shugaban wurin, bai so 'yan sanda su shigo tun bai san inda maganar ta dosa ba. Sai ya aika wa tsohon maƙwabcinsa, Mai Sawu.

Mai Sawu ya tashi yana bin sawun dabbobin da aka sace, daga baya 'yan sanda suka ɗauke shi ya yi ta bi musu na mutane har ya yi ritaya. Tun da matarsa ta rasu ya rage fita, ya rage magana. Yana zama a ofis ya ce, "Farfesa, ni fa ƙasa nake karantawa. Ɗakunanku kuwa an goge su tas, mutum na ganin fuskarsa a daɓe. Me zan gani?"

"Ko ba ka ga komai ba, ka saurara mini," in ji Farfesa. "Yarinyar nan ni na koyar da ita. Hujja ta nuna ita, zuciyata ta ƙi. Yau ban yarda da ko ɗayansu ba."

* * *

Ya sami Auta a ɗan ɗakin da aka ce ta jira, idanunta sun kaɗa sun yi ja. Wani dattijo mai furfura a gemu yana tsaye a kanta da kofin ruwa, yana lallashinta ta sha. Baba Sito ke nan, mai kula da ɗakin ajiya da makullan cibiyar. Ya gaida Mai Sawu, ya ce, "Malam, a bi ta a hankali. Yarinyar nan ba ta da mugun hali." Ya ajiye kofin ya fita, don lokacin da yakan leƙa gida ya duba iyali ya yi.

Mai Sawu ya ja kujera. "'Yata, ban san aikinku ba. Ki yi mini bayani yadda za ki yi wa kakanki. Me ya kashe su? Wuta aka ɗauke?"

"Da wuta ce, da sauran farantan da ke akwatin ma sun tafi tare, Baba. Da ƙwayar cuta ce ta shiga, da ruwansu ya gurɓace. Waɗannan kansu suka kashe. Umarni aka ba su, suka bi."

"Wa ke ba ƙwaya umarni kuma?"

Ta buɗe wayarta ta nuna masa hotuna biyu. A na farko ƙwayoyin sun miƙa rassa sun sarƙe da juna. A na biyu duk sun janye rassan, kowace ta dunƙule ita kaɗai.

"Akwai wani furotin da jiki ke yi domin jijiya," ta ce. "Da farko dogo yake fitowa. Sai jiki ya sa nasa almakashin ya datse shi. Guntun da aka yanko shi ke zuwa ya ce wa jijiya ki rayu, ki yi rassa. Mu a nan muna kiran dogon uwa, guntun kuma ɗa, tun da daga jikinta yake fita. To ita uwar, in ba a datse ta ba, ba ƙofar da ɗan ke ƙwanƙwasawa take zuwa ba. Wata ƙofar daban take nema a jikin ƙwayar, ta ce mata ki mutu."

"Uwa?"

"Uwa, Baba. Kowa ya ji sai ya maimaita haka." Ta goge ido da bayan hannu. "Jiki na da amfani da hakan, ta nan yake share waɗanda suka lalace. Amma akwai masu ciwon da muke zaton almakashin ne ya dakushe musu, uwa ta yi yawa, ɗa ya yi kaɗan. Abin da muke bi ke nan."

Ta ce duka biyun suna firjin ɗakin raino, kuma a ido duk ruwa ne fari. Ɗan yana ƙaramar kwalba, daga ita take ɗiga wa ƙwayoyin a abincinsu. Uwar tana babba, ba a cika buɗe ta ba. Da safen nan abokin aikinta, Dakta Dogo, ya gwada ƙaramar kwalbar, ya tarar kusan duk uwa ce a ciki.

"Ka ga da hannuna na ba su ke nan. Makonni ina ganin suna ramewa, ina zaton yunwa ce, ina ta ƙara musu."

"Kwalbar ta taɓa raguwa ko ƙaruwa ba da saninki ba?"

"Ko sau ɗaya. In na ɗiba nakan ja layi da biro a jikinta. Kullum daidai layi nake samunta."

"Faɗanku da Farfesa fa?"

"Cewa na yi a dakata a gano abin da ke ramar da su, ya ce lokaci ba ya jiranmu. Shi ke nan faɗan da ake ta yayatawa."

Mai Sawu ya ga mutane da yawa suna kuka a gabansa, masu gaskiya da maƙaryata. Ya lura tun da ta fara magana ba ta ambaci kora ba ko sau ɗaya, ƙwayoyin take wa kuka. Ya ji tausayinta, amma ya san tausayi ba abin da za a ajiye gaban kwamiti ba ne.

* * *

Ashe akwai ƙasa a wurin, ko dai abin da zai tsaya a madadinta. Kafin mutum ya shiga ɗakin raino sai ya tuɓe takalmansa a wani benci, ya sa na roba da aka jera, duk iri ɗaya, sannan ya bi ta wani lungu da aka shimfiɗa wa doguwar tabarma mai danƙo don ta kama ƙurar ƙafa. Falle-falle take, kullum da yamma a ɓare na sama a jefa kwando, kwandon kuwa sai ya cika ake kwashewa.

Mai Sawu ya zauna ya yi ta warware su. Waɗanda suka manne suka ƙi ya bar su, waɗanda suka yarda ya ɗaga su ga hasken taga. Takalmi ɗaya ne, amma taku ba ya zama ɗaya. Ya ga Auta mai tafiya a kan yatsu kamar ana jiranta. Ya ga Farfesa mai jan dunduniya. Ya ga Dogo, wanda taku kaɗan ke raba shi da ƙofa. Duk su ukun tsakiyar tabarmar suke bi.

A wasu fallayen kuwa akwai na huɗu. Shi wannan gefen dama yake bi, har kafaɗarsa na iya gogar bango, da gajerun taku, ya bar gefen hagu fayau.

Abin da ya fara zuwa ransa shi ne mai ɗauke da kaya a hannun hagu. Ya sa aka kira masa Injiniya, mai gyaran wutar cibiyar, wanda ba ya rabuwa da akwatin kayan aiki.

"Na san za a zo kaina," in ji Injiniya tun daga bakin ƙofa. "Duk abin da ya lalace a gidan nan, mai wuta. Ko shayin Farfesa ya huce, mai wuta. Malam, rabona da ɗakin can tun da aka sa sabon firji, kuma ita Autar ce ta tsaya a kaina."

Mai Sawu ya roƙe shi ya taka tabarmar da akwatinsa. Ya taka yana ƙunƙuni. Tsakiya ya bi, ƙafar hagu ta danne ƙasa sosai saboda nauyi. A sawun na huɗu kuwa babu nauyi ko kaɗan a hagu. Mai Sawu ya ba shi haƙuri, ya sallame shi.

Dakta Dogo ma ba a bar shi ba a gindin bishiya, an ce yana jin haushin yadda Farfesa ke ji da Auta. Amma wata tafiya ya yi ta makonni, ƙwayoyin sun fara ramewa yana can. Mai Sawu ya same shi yana wanke hannu.

"Dakta, da kai ne ke son kashe su, yaya za ka yi?"

Dogo ya dube shi sheƙeƙe, sannan ya gane ba zargi ba ne. "Sai in bar ƙofar akwatin a buɗe in yi tafiyata, a ce mantuwa ce. Shi ya sa abin nan ya hana ni sakat tun safe. Mu uku muka san abin da uwa ke yi, kuma duk cikinmu ba mai bin wannan doguwar hanyar. Ga wani abu kuma. Da ƙarawa kawai aka yi, da kwalbar ta haura layi. Ɗiba ake yi, a cike gurbin."

"Ke nan ɗan ake so."

"To a yi me da shi? Ba a sayar da shi a kasuwa. Wajen ɗakin nan ba shi da amfani ga kowa."

* * *

Mai Sawu ya sa aka ɓare masa sabon falle, ya sa takalman roba, ya shiga ya dubi kwalaben biyu da idonsa. Ba su gaya masa komai ba. Da ya fito ya zauna a benci zai sa takalmansa, sai ya waiwaya ya dubi tabarmar, don ɗabi'arsa ce ya dubi ƙasa duk inda ya wuce.

Sawun na huɗu ya gani. Gefen dama, gajerun taku, hagu fayau. Kuma ba wanda ya taka fallen nan sai shi.

Ya daɗe zaune da takalmi ɗaya a hannu. Shekarun ƙarshe na matarsa, bayan ƙafafunta sun gaza, a damtsensa na hagu take rataye, daga gado zuwa bayi, daga bayi zuwa inuwar tsakar gida. Ya koyi rage taku don ta cim masa, ya koyi raɓa bango don ta sami hanya. Ta tafi, ashe ƙafafunsa ba su sami labari ba. Shi da ya ƙare rayuwa yana karanta tafiyar mutane, bai taɓa sanin har yau yana bar mata wurinta ba. Kewarta ta taso masa sabuwa fil, sai da ya dafa bencin.

Da ya fito tsakar cibiyar ya tsaya a inuwa yana kallon ƙofar shigowa. Ba a jima ba Baba Sito ya dawo daga gida. Hanyar tana da faɗi, mota na iya bi, ba kowa a kanta. Dattijon ya kama gefen dama, yana tafe a hankali, gwiwar hannunsa na hagu a ɗan buɗe.

Mai Sawu ya koma wurin Auta. "'Yata, kin taɓa yi wa Baba Sito bayanin uwa da ɗa?"

Ta yi tunani. "Ya taɓa tambayata me nake ba su suke yin kyau haka. Na ce ɗan ne ke raya su, daga jikin uwar ake yanko shi. Sai aka kira ni a waya."

"Kin ƙarasa masa daga baya?"

"Bai sake tambaya ba." Ta dube shi. "Baba, me ya sa?"

Ya ce ta wanke fuska, Farfesa zai tara mutane.

* * *

Da la'asar aka taru a bakin lungun: Farfesa, Dogo, Injiniya, Auta, da Baba Sito da makullansa a ƙugu. Mai Sawu ya liƙa fallaye biyu a gilashin taga, hasken rana na ratsa su.

"Wannan na wanda ya riƙa shiga ɗakin nan ne da sassafe kafin kowa ya zo," ya ce. "Wannan kuma nawa ne, na ɗazu. Ku duba ko za ku raba su."

Ba wanda ya iya.

"Tafiyar wanda ya daɗe yana tallafe da marar lafiya ce. Ni tawa ta rasu. Shi tasa, ina zaton tana nan. Ba kisa ya kawo shi ba. Ya ji an ce akwai abin da ke raya jijiya, ya riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan yana kaiwa gida. Don kada a gane, kuma don kada ƙwayoyin su rasa abinci, sai ya cike musu daga babbar kwalba. Rabin bayani ya ji. Ya ji an ce uwa."

Ya juya ya ba su baya yana kallon tagar. "Ba zan kira suna ba, na fi so ya kira da bakinsa. Amma ya sani gobe yarinyar nan za a kora."

Sai aka ji ƙarar makullai. Baba Sito ya kwance su daga ƙugu, ya ajiye a kan benci.

"Ranka ya daɗe, ni ne." Farfesa yake kallo, bai iya kallon Auta ba. "Matata ce, hannuwanta sun bi ƙafafun. Ko kofi ba ta riƙewa. Kullum ina wucewa ta ƙofar nan, na san abin yana ciki, ana ba faranti, ita tana can tana ƙarewa. Nakan ɗiga mata a ruwa. Wallahi ban yi nufin ɓarna ba. Na ce abin da aka yanko ɗa daga jikinsa, ai in bai fi ɗan ba ba zai kasa shi ba. Wa zai ce uwa za ta cuce su?"

"Mu muka sa mata sunan," in ji Dogo a hankali, kamar da kansa yake.

Baba Sito ya ce, "Farfesa, amma ya yi mata amfani, ko? Shekaranjiya na ga kamar tana motsa yatsa."

Farfesa ya cire tabarau ya riƙe. Da ya so, da ya yi masa ƙarya, amma ba halinsa ba ne. "Malam, furotin ne. In ya shiga ciki, narkar da shi ake yi kamar kowane abinci. Bai cutar da ita ba. Bai kuma kai ga jijiyarta ba, ko ɗigo."

Auta ce ta yi magana. "Baba, tun safe ka san abin da ake cewa a kaina. Ka tsaya kana ba ni ruwa."

"Na tsaya, 'yata. Na buɗe baki ya fi a ƙirga. In aka kama ni, wa zai juya ta a gado?" Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Waɗanda suka mutu ɗin, ranka ya daɗe, akwai mai su. Zan je in nemi gafararsa. Na wane ne?"

A cibiyar ba a sa suna a faranti, lamba ake sawa, kuma Farfesa kaɗai ya san wace lamba ce ta wa. Ko Auta da ta yi rainon ba ta sani ba. Mai Sawu ya ga yadda Farfesa ya mayar da tabarau ya sake cirewa, sai ya gane amsar tun kafin a faɗa.

Farfesa ya ce sauran su ba shi wuri. Dogo da Injiniya suka fita. Auta ta motsa za ta bi su, Baba Sito ya ce, "Bar ta, ta fi kowa haƙƙin ji."

"Ka tuna bara," in ji Farfesa, "da ka kawo ta muka ɗebi fata a damtsenta? Shi ya sa na ce wa Auta lokaci ba ya jiranmu. Ban taɓa yi maka alkawarin magani ba, don ba ni da shi. Amma a kan nata muke gwadawa."

Baba Sito bai yi kuka ba. Ya zauna a bencin, kusa da makullan, ya kafa wa takalman roba ido.

Auta ta fuskanci Farfesa. "Akwai ragowar asalin a daskare. In an yarda, gobe zan narkar in fara."

"An yarda. Kwamiti ba ruwansa da ke kuma. Baba Sito ne zai tsaya gabansa."

"Sai yaushe za su kai inda waɗancan suka kai?" in ji dattijon, bai ɗago ba.

"Kusan shekara, Baba."

"Shekara," ya maimaita. Shi kaɗai a cikinsu ya san yadda ya baro ta ɗazu da rana.

* * *

Farfesa ya bar Baba Sito ya tafi gida, tun da ba inda zai gudu. Mai Sawu ya ƙi motar da aka ce a mayar da shi da ita, ya fito da ƙafa. 'Yan gindin bishiya sun yi tsit, har an fara samun masu cewa su dama ba su taɓa zargin Auta ba.

Ya hangi Baba Sito a gabansa, ya kama gefen titi, yana tafe da gajerun takunsa. Ya ɗan ɗaga ƙafa ya cim masa, ya shiga wurin da ya bari a hagunsa. Dattijon ya waiwayo ya gan shi, bai ce ya matsa ba.

Sun yi nisa kafin dattijon ya ce, "Malam, kai da ka riga ni. Me zan ce mata?"

"Ta san kana ɗiga mata wani abu?"

"Ta sani. Takan ce in ba ta ruwan Farfesa."

Sai da suka wuce kwanar asibitin Mai Sawu ya amsa. "Yau ka ba ta ruwa kawai," ya ce. "In ta sha, ka gaya mata. Zan zauna a ƙofar gida har ka gama."